Tsatsa Ba Shekaru Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, tun daga zaurukan cikin garin Yola har rumfunan dillalan Jimeta. Wai in ka ga wuƙa ta ci tsatsa, kubenta ya yi baƙi ya tsattsage, to ba sai an tambaya ba, ta ga jihadi. Wasu su ƙara da cewa da ganin ƙotarta an san ƙabilar da ta ƙera ta, kuma wuƙa da kubenta rana ɗaya aka haife su. Na ji wannan a bakin dattawan da nake durƙusawa in gaisar, na ji a bakin 'yan kasuwa, na ji a bakin 'yan bokon da ke jera kayan gargajiya a falo. Ni kaina na daɗe ina faɗa. Yau ina neman izinin manya in ce akwai gyara a maganar, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin in taɓa ta, wajibi ne in ba ta haƙƙinta, domin tana da tushe. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809, ya zauna Gurin, ya koma Ribaɗu, sannan ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. 'Ya'yansa Lawal da Sanda da Zubairu suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita da jama'arsa, ya sake gwabzawa da Jamusawa a Garwa da Marwa. Shekara casa'in da ɗoriya ke nan ana ɗaura sirdi ana saukewa, kuma makaman da aka rataya a waɗannan shekaru ba ƙasa ce ta haɗiye su duka ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan Sallah ya san akwai gidajen da ke riƙe da gadon gaske. Don haka duk wanda ya ce akwai wuƙar kakanni a gidansu, ban ƙaryata shi ba. Mudun da ake awon ne nake da ja a kansa.

Baffana yana da wata wuƙar hannu, irin wadda ake zura hannun hagu a zoben fatar kubenta ta kwanta a ƙarƙashin hannun riga. A ƙasan adaka take kwana, ƙarƙashin kayan Sallah. Tun muna yara yake gaya mana ta kakansa ce, wanda ya bi Lamiɗo Zubairu ranar da aka bar Yola. Kwanakin baya wani ɗan ɗakinmu ya sayo tasa a hannun wani dillali, baƙa ƙirin da tsatsa, kuben kamar an tono shi daga kufai. An ce masa ta zamanin Modibbo Adama ce, ya ƙirga kuɗin rago ya bayar. Da aka jera su a kan tabarma sai ta Baffa ta zama abar tausayi: ruwanta fes, kubenta ja, ɗinki lafiya lau. Yaro bai san wuta ba, ya ce, "Baffa, taka kuwa ba bara aka ƙera ta ba?" Na ga fuskar tsohon ta canza. Don a raba gardama muka naɗe su a tsumma muka nufi wurin wani tsohon maƙeri a bayan kasuwar Jimeta.

Ya ajiye masaba, ya goge hannu a walki, ya fara ɗaukar mai tsatsar. Ya matsa bakin ƙofa ya karkata ta ga hasken rana.

"Ɗana, nawa ka biya?"

Aka gaya masa.

"Allah ya mayar da alheri. Wannan sifirin mota ne."

Ya kankare wani gefe da farce ya nuna mana wasu siraran layuka a jere, daidai wa daida kamar haƙoran matsefi. Ya ce hannu da magagari ba sa yin haka, aikin injin wasa ƙarfe ne. Tsatsar kuma ja ce, garinta na bin yatsa, ta rufe ko'ina bai ɗaya har wuraren da hannu ya kamata ya side. "Binne ta aka yi a ƙasa mai gishiri, ko a shafa mata ruwan batir. Sati biyu ya isa." Ya buɗa bakin kuben da tsinin allura, sai ga kwali a ciki.

Da ya ɗauki ta Baffa sai ya yi shiru. Ya daɗe yana bin ruwanta da babban yatsa. Ya nuna mana wasu jijiyoyi da suka bi tsawon ƙarfen kamar na itace, da ɗige-ɗige baƙaƙe, da yadda kaurinta bai daidaita ba, da yadda tsakiyar kaifin ya rame ya shige ciki saboda yawan wasawa. Ya ce, "Wannan ƙarfen tama ne. Da irinsa kakana ke ƙira." Baffa ya gyara zama, ya dubi yaron nan da gefen ido. Sai maƙerin ya ƙyasta ashana, ya kai ta bakin wani zare da ya leƙo daga ɗinkin kuben. Zaren ya narke ya dunƙule, warin roba ya tashi.

"Amma Alhaji, kuben nan ka girme shi nesa ba kusa ba. Wayar da aka naɗe ƙotar da ita ma alminiyon ce."

Baffa ya yi jim, sannan ya fashe da dariya. Ya tuna. Gara ce ta cinye tsohon kuben, mahaifinsa ya kai wa baduku ya yi sabo a shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo, wato 1973.

A wuni guda, wadda kowa ya rantse tsohuwa ce ta zama jaririya, wadda aka raina ta fito da shekarunta, kuma ita ɗin ma ta rabu gida uku: ruwa na wani zamani, ƙota ta wani, kube na wani.

Mu fara da tsatsa. Kamar furfura take: akwai ɗan shekara talatin da kansa ya yi fari, akwai ɗan saba'in da babu ko sili ɗaya. Ƙarfe yana tsatsa ne in ya haɗu da laima da iska, gishiri kuma ya ƙara masa sauri. Abin da tsatsa ke faɗa maka shi ne inda wuƙa ta kwana da irin riƙon da aka yi mata. Mu da ke bakin Binuwai mun fi kowa sanin haka. A ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, gidajen bakin kogi sun sha ruwa. Wuƙar da ta yi mako biyu a laka a lokacin ta fi wadda ta shekara ɗari a busasshiyar iskar Agadas tsatsa. Wani lokaci ma lissafin juyewa yake yi. Wuƙar da ke da daraja a gida ita ake fitarwa a goge, a shafa mata mai, a mayar. Mai gata ba ta tsatsa. Shaidar tsufa ta gaske ita ce cin da amfani ya yi mata: kaifin da ya rame, ƙotar da ta yi santsi daidai inda tafin hannu ke kamawa, bakin kuben da ya side saboda zarewa da mayarwa. Mai yin jabu yana iya tsufar da wuƙa gaba ɗaya, amma da wuya ya san inda hannu ke taɓawa da inda ba ya taɓawa.

Sai kube. Kube riga ce, riga kuwa ba ta kai mai ita shekaru. Fata ce da majemi ya jeme da bagaruwa, aka rina ta da karan dafi ko galura, aka lulluɓe siraran itace da ita. Zafin Yola na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana busar da ita ta tsage. Damina ta zo ta jiƙa ta. Gumi ya ci rabonsa, gara ta ƙarasa. Da a ce kube ba ya mutuwa, da dukawa sun daɗe da canja sana'a. Ruwan wuƙa ɗaya yana iya cin kube uku ko huɗu, ƙota ma a sauya ta in ta tsage. Haka kuma ana samun akasi: a ɗauki tsohon kuben da wuƙarsa ta ɓata a zura masa sabuwa. Shi ya sa masana ke gwada zaman wuƙar a ciki. In tana lilo, ko tsininta bai kai ƙarshe ba, ko lanƙwasarsu ta saɓa, to auren dole aka yi musu.

A nan ne ɗan sanin tarihin kayan aiki ke taimakawa. Alminiyon bai zama ƙarfe mai araha ba sai bayan 1886, ya kuma ɗauki shekaru kafin ya iso hannun maƙeranmu. Ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913 aka samo shi a Shefil ta Ingila. Zaren roba bai shiga kasuwar duniya ba sai ƙarshen shekarun 1930. Sifirin mota kuwa sai da mota ta zo, ta tsufa, ta mutu. Duk wuƙar da aka ƙera da ɗayan waɗannan ba ta san Modibbo Adama ba. Amma a yi hattara: abin da ya fi ƙuruciya a jikin wuƙa yana faɗin lokacin da hannu na ƙarshe ya taɓa ta ne kawai, bai yanke hukunci a kan sauran ba. Da mun tsaya a kan zaren roba, da mun zalunci wuƙar Baffa.

Ko ƙarfen tamar ma ba hujja ce mai zaman kanta ba. Jijiyoyin nan da maƙeri ya nuna mana ragowar kashin tama ne da ya maƙale a ƙarfe, domin murhun gargajiya ba ya narkar da shi ya tace sarai kamar na masana'anta. Irin wannan ƙarfe aka riƙa fitarwa da yawa a Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali. Sukur ce ta fara shiga jerin wuraren tarihi na duniya daga Nijeriya a 1999. Mutanen Sukur ba su daina narkar da tama ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20, da tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Ka ga wuƙar ƙarfen tama tana iya zama ta 1850, tana iya zama ta 1940. Ga shi kuma maƙeri ba ya zubar da ƙarfe: tsohuwar garma ta zama lauje, lauje ya zama wuƙa.

Yanzu batun asali, inda aka fi saurin yanke hukunci. A ga ƙota mai siffar gicciye a ce ta Buzaye ce, a ga mai tsini a gindi a ce ta Tubawa ce, a ga tagulla a ce ta mutanen dutse ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kowace ƙasa da salonta. Sai dai kama da wane ba ta wane. Salo yana tafiya da ƙafar fatake. Yola tun kafuwarta mahaɗa ce: Fulani, Bata, Vere, Camba, Barebari, Larabawan Shuwa, da fataken Hausa da suka biyo hauren giwa suka zauna. Jimeta kuma a da tashar jiragen ruwa ce, nan kayan Turawa suka riƙa sauka in Binuwai ya kawo. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Cadi da Sudan sun komo da wuƙaƙen can, na jirgin sama sun komo da lanƙwasassun wuƙaƙen Larabawa na tsaraba. Maƙerin Bahaushe a Yola in mai saye ya ce yana son ƙota irin ta Azbin, zai yi masa. Mutanen Vere, a duwatsun kudu da Yola, sun shahara da zubin tagulla, har da wuƙaƙe masu ƙota da kube na ado. Amma abin da Bavere ya zuba yana iya ƙarewa a ɗamarar wanda bai taɓa hawa dutsensu ba. Wuƙa ɗaya sai ka tarar ƙarfenta na Sukur, ƙirarta ta Yola, fatarta ta Kano, salonta na Agadas. Wace ƙabila za ka ba?

Tambari da rubutu ma haka. Ƙarnuka da dama ana shigo da ruwan takubba daga Turai ta hamada, musamman daga Solingen ta Jamus, ɗauke da tambura irin su kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata. Da masu saye suka ɗauki tambarin a matsayin alamar nagarta, sai maƙeran Sudan da na Sahara suka koyi buga shi a kan nasu. Wanda ya ga shekara a rubuce kuma, kada ya yi saurin murna. Azurfar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wadda ta yi yawo a kasuwannin Borno da Sudan, duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, 1780 ke jikinta, ko da a ƙarni na 20 aka buga ta. In aka manna irinta a kube, 1780 ɗin ba shekarar kuben ba ce. Rubutun Larabci a ruwan wuƙa shi ma bai isa shaida ba: an yi makamai masu irin wannan zane da yawa a Sudan zamanin Mahdi, aka kuma ci gaba da yin su bayan yaƙin Omdurman na 1898 don sayar wa baƙi.

Na san abin da dattijo zai ce: "To, kakanninmu maƙaryata ne ke nan?" Allah ya tsare. Labarin gida shi ne hujja mafi ƙarfi da muke da ita, in aka bi shi yadda ya kamata. Abin da ke faruwa shi ne labari yana tsukewa a hanya. "Kakana" ya haɗiye kakan kaka; "zamanin Turawa" ya zama "kafin Turawa"; wuƙar da aka saya a kasuwa a 1930 ta gaji labarin wadda ta ɓata. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya, mantuwa ce ta ɗan Adam. Malaman hadisi sun riga mu sanin maganin wannan. Daɗin matani bai ishe su ba sai sun tambayi isnadi: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, shekarunsu sun ba da dama? Haka ya kamata a yi wa wuƙa. Wa ya ba ka? Shi wa ya ba shi? A wane gari, zamanin wane Lamiɗo? Baffa ya karɓa daga mahaifinsa, mahaifinsa daga nasa, kuma akwai tsofaffi a dangi da suka san ta a gidan tun suna yara. Isnadi ya haɗu, ƙarfe bai saɓa masa ba. Ta ɗan ɗakinmu kuwa da aka koma wa dillali, iyakar abin da ya ce shi ne wani mutum ne ya kawo daga ƙauye. Wannan a wurin malamai sunansa yankakke.

Gidajen tarihi ma da isnadi suke aiki. Bajamushen nan Leo Frobenius ya tattara kayan Vere a 1911. A tsakiyar shekarun 1960 wani mai suna Tim Chappel ya sake tattara wasu domin gidan tarihi na Jos. Darajar waɗannan kaya ba a tsatsarsu take ba, a rajistarsu take: abin da aka rubuta an karɓa a 1911 ba zai gaza wannan shekara tsufa ba. Da irinsu ake gwada wanda ba shi da takarda, a ga ko ƙira da ado sun dace. Mai son gani da ido, akwai gidan tarihi na ƙasa a nan Yola, akwai kuma na Fombina a fadar Lamiɗo. Masu cewa a kai wa Turawa su auna da na'ura su ma su sani na'ura tana da iyaka. Awon kabon yana aiki a kan fata da itace, amma ga abin da ya faɗa tsakanin wajen 1650 da 1950 amsa fiye da ɗaya yake bayarwa. Abin da ya fi iyawa shi ne tona asirin sabuwar fata, domin gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun bar alama a jikin duk dabbar da ta rayu bayansu. Ko an auna ɗin ma, shekarun akuyar da aka yi kuben da ita za a faɗa maka, ba na wuƙar ba.

Me ya sa na damu da wannan har na ɗauki alƙalami? Domin kuskuren yana cin mu ta fuska biyu. Yana sa a sayi sifirin mota da kuɗin rago, wannan asarar aljihu ce, ana mayarwa. Mafi ciwo shi ne yana sa magada su raina gadon gaske don ba shi da tsatsa, su sayar da shi a banza, ko su sa takardar yashi su goge shi har shaidar masaba ta ɓace, ko su yar da kube don wai sabo ne. Ya kamata kuma a sani dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi: ba kowa ke da izinin saye da sayar da shi ba, ba a kuma fita da shi waje sai da takardar hukumar. Dillalin da ya rantse maka wuƙarsa ta zamanin Modibbo Adama ce, in ya yi ƙarya ya cuce ka, in ya yi gaskiya ya jefa ku duka biyu cikin saɓa doka.

Wanda ke da irin wannan a gida, abin yi kaɗan ne. Ya goge ruwanta da tsumma da ɗan mai, ya raba ta da laima, kada ya kankare komai. Ya ɗauki hotonta, ruwa daban, ƙota daban, kube daban. Sannan tun tsofaffi na da rai ya zauna gabansu da takarda.

Abin da muka yi ke nan da muka koma gida. Bayan la'asar Baffa ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ya ce in rubuta. Ya faɗi sunan kakansa da garin da ya zauna bayan barin Yola, da shekarar da mahaifinsa ya karɓi wuƙar, da ranar da ta zo hannunsa. Da na kai batun kube sai na ɗaga biro na ce, "Baffa, a sa wannan ma?"

Ya ce, "Sa mana. Ka rubuta gara ta ci na fari, Baba ya sa aka yi wannan shekarar naira. Shi ma ai hannun ubana ya taɓa shi."

Ya ninke takardar, ya ɗaure ta a zoben kuben da zare, ya mayar ƙasan adaka. Ɗan ɗakinmu kuwa ya kai tasa an wasa. Ranar Babbar Sallah da ita aka feɗe ragon gidan, kuma gaskiya sifirin mota yana da kaifi.